Keken Ɗinkin Saude

Ni ne da laifi. Na fara da wannan don kada wani ya kai tsakiyar labarin yana nema mini uzuri. Abin da ban taɓa yi wa baƙon da ya kawo mini aiki a kasuwa ba, shi na yi wa matata a cikin ɗakinta, kuma da kayan aikina na yi shi.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. Rumfata tana Ƙanƙara, amma a da rabin aikina a kan babur yake. Ina bin kasuwanni, Sheme, Mairuwa, har Damari ta ƙasar Sabuwa, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Ban yi karatu mai nisa ba, firamare na gama, sai allo. Abin da na sani a duniya cikin keke ne.

Samarin yanzu in sun tsaya a kaina suka ga na ɗiga mai nan, na ɗaure can, keke ya tashi, sai wani ya ce, "Baba, ai wannan sati guda ya ishe ni in iya." Nakan ce masa to, zauna. In miƙa masa keken da ke tsallake ɗinki, in ce ya gaya mini dalili. Zai canza allura, ya canza zare, ya zuba mai har ya jiƙa yadi, keken yana nan yana tsallakensa. Abin da ba su sani ba, aikin nan na kunne ne kafin ya zama na hannu.

A Funtua na koya, wurin wani dattijo, Baba Isiya, Allah ya jiƙansa. Wata huɗun farko bai bar ni na taɓa sukurdireba ba. Aikina wanke ƙarafa da kananzir da tsohon buroshi, in shanya su a kan buhu, in faɗi sunan kowanne. Ga ƙoshiya, wato gidan da kwarkwaron zaren ƙasa ke zama. Ga haƙori, mai jan yadi gaba. Ga takalmi, mai danne yadin. Ga ɗan sifirin da ke riƙe ƙarfin zare, wanda in ya faɗi ƙasa sai ka wuni kana rarrafe. Bayan haka sai ya sa in juya masa baya, ya taka keke, ya ce in faɗi ciwonsa. In na yi kuskure ba ya duka. Cewa yake, "Wanga kunne naka na ado ne?" Duka ya fi mini wannan sauƙi.

Doka biyu ya ba ni. Ta farko, kowane keke da farantinsa. In ka kwance keke, ƙarafansa su zauna a faranti ɗaya, ba a ɗaukar na wannan a sa wa wancan. Yakan ce ƙarafan keke tare suke tsufa, sun goge juna sun saba, in ka sa baƙo a tsakaninsu zai yi aiki amma ba zai yi daɗi ba. Ta biyu, kada ka bar rami a buɗe. Ko ka cire abu za ka tafi da shi, maida sukurun wurinsa ka ɗaure, don kada ƙura ta cika ramin. Ta biyun ta zauna mini a hannu har ba na sanin na yi ta. Ta farkon ce na karya.

Akwai wani keke da aka kawo mini a kasuwar Sheme da ba na mantawa. Wani manomi ne ya ɗauko kan keken a buhu ya dire a gabana. Na kama wilin in juya, ko motsi. Na leƙa ƙasa, sai ga gidan zanzaro har biyu, man da aka zuba tun tuni ya daskare kamar ƙaro.

Na ce, "Na maiɗakinka ne."

Ya ce, "Nata ne. Ya aka yi ka sani?"

"Yara nawa?"

"Huɗu."

"To tun na biyu ba a taka shi ba."

Ya kama baki ya ce, "Kai duba kake yi ko gyara?"

Ba duba ba ne. Kekunan teloli maza da ciwon aiki suke zuwa: haƙori ya cinye, bel ya tsinke, ƙoshiya ta tsage. Kekunan mata mafi yawansu da ciwon zama suke zuwa. Babu abin da ya cinye, komai lafiya, tsatsa ce kawai da ƙura. Sau da yawa zaren aikin ƙarshe yana nan a allura, ya koɗe. Na taɓa buɗe wani a Mairuwa na tarar da hannun rigar yaro a ƙarƙashin takalmi, an ɗinke rabi an tashi. Na tambaya, aka ce mai rigar yana sakandare.

A ranar a Sheme na yi wa manomin nan tas a gaban mutane. Na ce, "Ku maza ba ku da kirki. Mace ta zo muku da sana'arta, ku maida kekenta teburin ɗora kwanuka." Aka yi dariya, shi ma ya yi. A ranar da na faɗi wannan magana, ƙoshiyar keken matata tana cikin keken wani tela a Ƙanƙara, shekara uku kenan.

Sunanta Saude, 'yar Mairuwa ce, kuma ta hanyar keken nan na san ta. An kira ni gidansu, aka fito da shi zaure. Tsohon baƙin keke ne mai zanen ruwan gwal, irin na da, wanda mutum ɗaya ba ya ɗauka sai ya yi nishi. Na gwaggonta ne ta bar mata. Na fara kwance allura, sai na ji murya daga bayan ƙofa ta ce, "Ba allura ba ce, na canza har sau biyu. Ƙasan ne yake makara." Na duba, haka ne, ƙoshiya ba ta haɗuwa da allura a kan lokaci. Teloli masu gemu ba su iya faɗa mini wannan ba.

A lokacin ita ke yi wa matan unguwarsu ɗinkin biki da na Sallah. Ba ta yawan ɗaukar tef. Za ta dubi mace tsaye, ta shimfiɗa atamfa ta sa almakashi, riga ta zauna kamar a jikin aka haife ta. 'Yan mata uku suna koyo a wurinta. Ranar da za a kawo ta, mahaifinta ya kira ni gefe ya ce, "Ga ɗiya, ga kekenta. Kai da ke gyaran na mutane, ba sai na ce maka komi ba." Na ce, "Baba, in sha Allahu ba za a ji komai ba." Ba a ji ɗin ba kuwa, don ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Shekarar farko ta yi ɗinki sosai. In na dawo tun daga bakin lungu nake jin muryar keken, in san ko yadi mai kauri take yi ko mai laushi. Da haihuwar fari ta zo, ta tafi Mairuwa wankan gida. Kafin ta tafi ta goge keken, ta ɗiga mai a duk inda ya kamata, ta sa ƙyalle a ƙarƙashin takalmi, ta lulluɓe shi da zane.

Saura kwana goma Sallah, Malam Sani tela ya zo rumfata yana haki. Ƙoshiyarsa ta tsage, ga ɗinkin mutane tsibi. Ba ni da irinta a akwati, zuwa Funtua kuma wuni guda ne. Na ce ya jira ni. Na shiga gida, na ɗaga zanen, na cire ta Saude, na maida sukurun na ɗaure, na sauke zanen. Na ce a raina aron kwana biyu ne.

Bayan Sallah na je karɓa. Malam Sani ya ce, "Kai, ina ka samo wannan ƙoshiya? Tunda nake ban taɓa ɗinki mai santsi haka ba. Kada ka kuskura ka taɓa mini ita." Yana faɗa a gaban teloli uku, suna cewa ai duk Ƙanƙara babu kamata. Yabon ya yi mini daɗi. Na sayo sabuwa mara nauyi, irin wadda in ka jefa a ƙasa take ƙara kamar gwangwani, na sa a keken Saude.

Ta dawo da jaririya, Hafsa. A wannan tsakanin ne Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Muna da 'yan'uwa a ƙauye, amma ni na ce a kawo ta gidana, matata za ta kula da ita. Ban tambayi matar tawa ba. Na ɗauki ladar a bakin dangi, ita ta ɗauki aikin. Ita ke ɗaga Inna, ta yi mata wanka, ta wanke shimfiɗa, ta ba ta abinci a baki. Ga ɗibar ruwa in mai kura bai zo ba, ga surfe, ga girki, da damina ga abincin masu aikin gona. Ni abin da na sani in dawo in tarar da ruwa a buta da tuwo a rufe. Ina ganin na yi wuni a kan babur, na gaji. Ban taɓa tambayar ita sau nawa ta zauna a wunin ba.

Duk da haka ta gwada. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar wani abu, na tarar ta buɗe keken tana takawa. Ta tsaya ta ce, "Malam, keken nan ya sake murya."

Na ce, "Zama ne. Ƙarfe in ya zauna haka yake yi."

"Yana tsinke mini zare."

"Zan duba."

Ban duba ba. Na san abin da zan tarar.

Aikinta na ƙarshe kayan wata amarya ne, kala uku. Ta yanka duka, ta ɗinke ɗaya, da tsinkewar zare da komai. Ranar Laraba bayan la'asar na shigo, Hafsa tana ta kuka, haƙori take yi, Inna tana kira daga ɗaki, tukunya tana kan wuta. Saude ta ce, "Malam, don Allah riƙe mini ita awa guda in ƙarasa rigar nan. Jibi za a zo karɓa."

Na ce, "In fita da jaririya bakin hanya? Su Malam Sani su maida ni abin dariya?"

Ta ce, "Ba sai ka fita ba. Nan tsakar gida."

Na ce ina da wanda zan gani. Babu wanda zan gani. Na je na zauna a kan benci muna musun farashin taki har aka kira magariba. Ranar Juma'a yayar amaryar ta zo, ta kwashe yankakken yadin a leda, tana faɗa har waje ana ji. Daga ranar babu wadda ta sake kawo wa Saude ɗinki. A sana'ar hannu haka abin yake, in ka saɓa sau ɗaya a lokacin biki, labarin ya riga ka zuwa kowane gida.

Na ce mata ta bari sai an yaye Hafsa. Kafin a yaye ta an samu wani cikin. Haka muka yi har biyar. Inna ta shekara shida a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Keken ya koma lungun ɗaki, aka ɗora masa kwalla da kwanuka, daidai abin da na zagi manomin Sheme a kai.

Sai shekarar da hanyoyi suka lalace. Duk wanda ke wannan yanki ya san ta, ba sai na yi bayani ba. Na daina zuwa Damari, na daina zuwa Sheme sai in an taru da yawa. Wata kasuwar ma ta daina ci. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, wasu da kan keke a ka, don shi ne kawai abin da suka iya ɗauka. Aiki ya yi yawa a rumfa, kayan gyara babu. Mai kawo mini kaya daga Funtua ya ce ba zai sake bin hanyar nan ba. Nakan zauna da keke a gabana, na san ciwonsa sarai, ba ni da abin sa masa. Ku da kuke ganin sana'ar nan sauƙi ce, wannan ita ce ranar da ba ku gani ba.

A shekarar nan na koma wa keken Saude. Wani tela ɗan Damari ya zo da haƙori a cinye, zai koma gida da shi, na cire nata na sa masa. Wata bazawara mai marayu huɗu, takalmin kekenta ya karye, na cire na Saude. Sifirin zare, bel, murfin ƙasa, har ƙarfen da ke riƙe allura. Ita ma ƙoshiyar gwangwanin daga baya na cire ta. Ina jira sai ta tafi suna ko ta kai yaro asibiti, in sauke kwanuka, in cire abin da zan cire, in maida komai yadda yake. Ina ce wa kaina ai ba ta amfani da shi, waɗannan kuwa da shi za su ci abinci. Wani ɓangaren gaskiya ne. Amma da gaskiya ce duka, da na tambaye ta. Abu bakwai na asali na cire a keken nan. Daga waje in ka gan shi lulluɓe, keke ne.

Bara autarmu ta shiga firamare. Karo na farko cikin shekara goma sha biyar gidan ya zama babu yaro da safe. Sai ga Hajiya Lami, wata tsohuwar mai kawo wa Saude ɗinki tun Mairuwa, wadda ta dawo Ƙanƙara da zama. Na tarar da ita da Saude a tsakar gida. Ta ce an buɗe wani wurin koya wa matan da suka baro ƙauyukansu ɗinki, ana neman malama. Ranar Alhamis za a gwada masu so, kowa ta zo da kekenta don na wurin ba su da yawa.

Ta dube ni ta ce, "Malam, ka ɓoye mana gwana shekara da shekaru. Ni har yau rigar da ta ɗinka mini ta bikin ƙanwata tana cikin akwati. Ka yarda ta je ko sai na kai ka gaban manya?"

Na yi dariya na ce ai ni ban taɓa hana ta ba. Saude ta dube ni.

Wannan ranar Litinin ce. Hajiya na fita, Saude ta shiga ɗaki ta fara sauke kwanuka. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ina iya magana a lokacin, ban yi ba. Ta yaye zanen, ta goge ƙura da gefen zanenta, ta sa hannu ta juya wilin. Ya juya sakayau, babu nauyi, babu murya. Ta tsaya. Ta duƙa ta leƙa ƙasa. Ta sa yatsa inda haƙori yake zama, ta sa inda takalmi yake.

Ta ce, "Malam, ina haƙorin?"

Na ce, "Wataƙila yaran nan ne. Kin san su da taɓe-taɓe."

Ta bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kowane rami da sukurunsa, a ɗaure tsaf.

Ta ce, "Yara ne suka kwance, suka cire, suka maida kowane sukuru suka ɗaure?"

Na kau da kai ina kallon kwanukan da ta sauke.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Zan haɗa miki shi kafin Alhamis. Ai aikina ne."

Ta ce, "Na sani aikinka ne." Ta ɗauki bokiti ta fita.

Kwana biyu na rufe rumfa ina kan keken nan. Na je Funtua na dawo a wuni ɗaya. Na sa masa sabon haƙori, sabuwar ƙoshiya, sabon takalmi, duk irin na yanzu. Na goge, na saita, na sake saitawa. Ya yi ɗinki. Amma a kan yadi ninki biyu yana tafiya daidai, in aka kai wurin ninki huɗu sai ya tsallake. Baba Isiya ya faɗa mini tun ina saurayi. Tsohon ƙarfe da sabo ba su san juna ba. Ita kuma ba ta samu ko awa ɗaya ta gwada hannunta ba, don keken yana hannuna har safiyar Alhamis.

Ni na kai shi a babur, na haɗa shi, na koma bakin taga na tsaya. Mata biyar suka zo. Aka ba kowa yadi aka ce ta yanka rigar yarinya ta ɗinke. A yanka babu wadda ta kama ƙafarta. Ta dubi yarinyar da aka tsayar, ta sa almakashi, ta gama sauran suna ta awo. Na ji wata ta ce, "Ikon Allah." Sai aka zo ɗinki. Zura zare a allura ya ɗauke ta lokaci, tana matsar da kai baya tana ƙanƙance ido. Ban san idonta ya fara rauni ba sai ranar. Ta fara takawa, ƙafar ba ta tafiya daidai. Da ta ɗan kama, aka iso wuyan riga, keken ya tsallake. Ta warware ta sake. Ya tsinke zare. Daga inda nake tsaye ina jin ciwon da kunnena, na san sukurun da zan taɓa, babu halin shiga.

Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Hafsa da yawa ba aka ɗauka. Shugabar wurin ta ce wa Saude, "Yankanki babu irinsa, Hajiya. Ko keken ne yake ba ki matsala?"

Hajiya Lami ta ce, "Keke kuma? Matar mai gyaran keke?" Aka yi dariya.

Saude ta ce, "Keke lafiyarsa lau. Hannuna ne ya manta."

Haka ta faɗa a gaban mata, ina jin ta. Ta rufa mini asiri, ta ɗora wa kanta. Na ɗauko keken muka koma gida. Da muka isa ta lulluɓe keken, ta maida kwanukan da kanta, ta hura wuta.

Mai gyara ba ya manta inda ya sa ƙarfe. Na san inda kowanne daga cikin bakwai ɗin nan ya tafi. Satin da ya biyo na fara bi. Na je wurin Malam Sani na ce ya ba ni ƙoshiyar nan in sa masa sabuwa.

Ya ce, "Bayan shekara goma sha biyar? Mi ya faru?"

Na ce, "Ta maiɗakina ce. Sata na yi."

Ya buɗe keken da kansa ya ciro. Ta cinye, bakinta ya yi siriri kamar reza. Shekara goma sha biyar tana ɗinki, ta ɗinke kayan Sallar rabin unguwa, ta aurar masa da 'ya'ya biyu, mai ita tana wanke-wanke.

Bazawarar nan na same ta, ta ba ni takalmin ba musu, har tana cewa a gaida mai shi. Sifirin yana Sheme, na shiga motar kasuwa na karɓo. Murfin ƙasa yana nan cikin gari. Bel ya daɗe da tsinkewa. Ƙarfen allura mai shi ya sayar da keken, an tafi da shi Zariya. Haƙori kuwa na yi ta tambayar telan Damari, aka ce ya tashi da iyalinsa tun shekarar nan, babu wanda ya san inda ya nufa. Huɗu na samu cikin bakwai. Ko da na samu duka, sun tsufa a wasu kekunan, ba za su sake zama a nata yadda suke ba.

Ku samari, in kun koyi aikin nan za a riƙa kawo muku kekunan mata masu tsatsa. Kananzir da haƙuri suna tayar da su cikin kwana biyu. Kada ku ɗauka don keke ya tashi mai shi ta tashi. Masu kawo mata ɗinki sun koma wurin wasu, yayi ya canza sau nawa, ido ya ragu, ƙafa ta manta. Babu abin da ke cikin akwatina da ke gyara wannan. Kuma kafin ku yi wa mijin wata faɗa a kasuwa, ku fara leƙa ƙarƙashin zanen da ke ɗakinku.

Na wanke ƙarafan huɗu da kananzir, na jera su a faranti ɗaya kamar yadda aka koya mini. Ranar Asabar da hantsi na shiga gida da shi. Tana tsugune a bakin rijiya tana wanke kayan makarantar yara. Na aje farantin a kan turmi kusa da ita. Ta dubi ƙarafan, ta gane su tun kafin in yi magana. Ta tsame hannu, ta goge a zane, ta ɗauki ƙoshiyar ta juya ta a tafin hannunta.

Ta ce, "Ta sha aiki."

Na ce, "Ta sha."

Ta aje ta. Ta ce, "To mi zan yi da su yanzu, Malam?"

Na janyo kujera 'yar tsugune na zauna a gabanta, abin da ban taɓa yi a tsakar gidan nan ba. Na kira ta da sunanta, wanda na daɗe ban kira ba sai dai Maman Hafsa.

Na ce, "Saude, ba yara ba ne, ni ne. Tun kina wankan Hafsa na fara. Ranar da kika ce keke ya sake murya, gaskiya kika ji, ƙarya na yi miki. Ranar da kika ce in riƙe miki yarinya awa guda, babu wanda zan gani, benci na je na zauna. Na kawo miki Inna ban tambaye ki ba. Ranar Alhamis kin ce hannunki ne ya manta. Ba shi ya manta ba, ni na hana shi. Ƙarafan nan huɗu na san inda na kai su, na je na karɓo. Shekarunki ban san wurin wanda zan je in karɓo ba. Ba na cewa ki ce komai yau. Don Allah ki yafe mini."